Kafinta Yana Cigiyar Bahago

Zuwa ga Yaya,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti da yara. Ni ma lafiya ƙalau, sai ciwon bayan tsayuwa wanda kowace nas ta san shi. Na san za ka juya ambulan ka ce wace ce wannan kuma. To Auta ce, jikar ƙanwar kakarka, wadda ta zauna gidanku lokacin makaranta tana cinye muku abinci. Rabonmu da haɗuwa tun rasuwar Goggo. Wajen Kawu na samu adireshin masaƙar da kake aiki.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne, shekaranjiya na taso daga asibiti na biyo ta kasuwa, sai na ji wata murya daga shagon mai kaset ta tsayar da ni cak. Muryar Kafinta mawaƙi ce, Yaya! Waƙar nan ta ƙofa. Na tsaya a tsakiyar hanya har mai keke ya zage ni. Na tambayi mai shagon, ya ce tsohon kaya ne, gwajin rakoda kawai yake yi da shi, bai ma san mai waƙar ba. Na karɓi biyu, ga ɗaya nan na haɗo maka.

Ka tuna Rumfar Kwano ta bayan tasha? Ranar Asabar da la'asar sai ka ce wa Goggo za ka raka ni karatu gidan ƙawata, ni kuma in rungumi littafi kamar gaske. Kana zaunar da ni a kan akwatin kwalaben lemo kusa da lasifika, ka ce in na motsa za ka karya ni. Daga nan nake hango ka a bayan Kafinta ta hagunsa, ganguna biyu tsakanin ƙafafunka, shi kuma da jitar nan da ya sassaƙa da hannunsa. In ya kai tsakiyar waƙa sai ya juyo ya ce, "Bahago, ba su labari!" Kowa ya yi tsit, kai kaɗai ake ji. A lokacin gani nake duk duniya ba wanda ya kai yayana.

Ka saurari fuska ta biyu da kyau. Ina jin hannunka ne a ciki, don ba wanda yake jinkirta bugun ƙarshe haka sai kai. Ka gaya mini ko na canka. Ka kuma gaya mini wace waƙar tasa ka fi so yanzu da ka tsufa. Ni har gobe ta ƙofa ce.

Taka,
Auta

*

Zuwa ga Auta,

Na amsa sallamarki. Muna lafiya, yara suna makaranta, uwarsu tana gaishe ki. Babbar ta ɗauko bakinki, ba a gama magana ba ta mayar. Wasiƙarki ta same ni a wurin aiki, na karanta ta a tsaye bayan injin, na sake karantawa a gida.

Kaset ya iso, na gode, yana nan a ajiye. Ni yanzu ba na jin waƙa.

Amma Rumfar Kwano ban manta ba. Kin tuna ranar da ruwa ya sauko muna tsaka da wasa? Kwanon nan kamar ana zuba masa tsakuwa, wuta ta ɗauke, lasifika ta mutu. Mai rumfar ya ce a tashi. Kafinta ya ajiye makirfo ya hau kan benci, ya ce wanda ya zo jin lasifika ya tafi gida, wanda ya zo jin waƙa ya matso. Mutane suka matso har ina jin numfashinsu a wuyana. Ranar na yi kiɗa har tafin hannuna ya fashe, ban sani ba sai da na ga jini a fatar ganga. Ke kuma kin jiƙe sharkaf, muka koma gida Goggo ta ce wane irin karatu ne ake yi a tsakiyar titi.

Rumfar tana nan, amma yanzu tayoyi ake tarawa a ciki. Bara na bi ta wurin. Dandamalin da muke hawa an ɗora masa injin faci. Mai busa ƙaho ya rasu, mai ƙaramar jita ya koma tuƙin mota. Kafinta kuwa tun da na yi aure na kama aikin masaƙa ban sake sa shi a ido ba. An ce ya bar garin.

Aikinmu tsayuwa ce daga safe zuwa yamma tsakanin injinan saƙa, ana lura da zare kada ya tsinke. Ƙurar auduga a hanci, a gashi, a abinci. Haka dai.

Kin rubuta lambar wayar asibitinku a bayan ambulan. Kada ki wahalar da kanki ki buga ta ofishinmu, ba zan ɗauka ba. Ki riƙa rubutowa.

Yayanki

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Ina fatan kowa lafiya. Ni ban cika jin daɗi ba, kuma kai ne sanadi.

"Ba na jin waƙa." Layi ɗaya, kamar wanda aka aiko wa abin kunya a ambulan. In ka shiga sahun masu ganin kiɗa aikin banza ne, ka fito fili ka faɗa, ba zan yi maka musu ba, kowa da inda ransa ya kwanta. In kuma Anti ce ba ta so, ka gaishe ta. Amma kada ka ba ni labarin ruwan sama mai daɗi haka sannan ka jefa kaset ɗina ƙarƙashin gado.

Ba wannan ne ma ya sa na rubuto ba. Yaya, Kafinta yana ɗakin da nake aiki.

An kawo shi makon jiya, gadon da ke jikin taga. Ban gane shi ba. Wani tsoho ne siriri, wuya a kumbure, rigarsa ta yi masa yawa. Ina gyara masa ruwan da ake ƙara masa sai na ga yatsunsa suna tafiya a kan bargo kamar mai matsa tsirkiya. Na duba fuskar da kyau. Na ce, "Baba, ba kai ne na Rumfar Kwano ba?" Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "'Yata, ashe akwai sauran wanda bai mutu ba." Muryar ta dushe, kamar ana jan buhu a ƙasa.

Ciwon daji ne a maƙogwaro. Likita ya ce sai an cire wurin da murya take fita gaba ɗaya, in ba haka ba numfashi ma zai gagara. Ba mai zuwa duba shi. Wata jikarsa ce ta kawo shi ta tafi. Sauran marasa lafiya Baban Taga suke ce masa, ba wanda ya san ko shi wane ne.

Da na ce ni ƙanwar Bahago ce sai ya yunƙura zai tashi zaune. Ya ce, "Yana ina? Hannun yana nan?" Na ce yana nan. Ya roƙi likita a bar shi ya yi waƙa sau ɗaya kafin a shiga da shi tiyata, likita ya yarda, an sa aikin ƙarshen wata. Ya ce in gaya maka ko ganga ba ka da ita ka zo, bokiti ma ya isa.

Na buga wayar ofishinku duk da ka hana. An ce an aika a kira ka, ka ɗaga hannu ka ce ba ka zuwa. Na sake bugawa, haka. To ga shi a rubuce tunda rubutu kake so. Ba don ni ba, don shi. Ka zo.

Auta

*

Yaya,

Gaisuwa. Ban ga amsarka ba, na daina leƙa akwatin wasiƙu.

An yi. Bari in ba ka labari ko ba ka so, don ya kamata wani ya sani ban da ni.

Da yamma ne, a filin da ake shanya zannuwan gado a bayan ɗakinmu. Na turo shi a keken marasa lafiya. Ya sa na aske masa gemu, ya ari hular maƙwabcin gadonsa. Waɗanda ke iya tafiya suka fito, wasu da sandar ƙarin ruwa a hannu, masu wanki suka tsaya da kwandunansu. Jita babu, ya ce ta daɗe da barin hannunsa. Wani mai karaya a ƙafa ya kifa farantin abinci a cinya ya ce shi zai yi kiɗa. Allah ya saka masa, amma ko tafi bai iya ba.

Ya fara da ta ƙofa. "Na yi wa kowa ƙofa, ni ɗakina labule." Yaya, muryar ba ta fi ta mai raɗa ba, sai da muka matso. Yana yin layi biyu ya tsaya ya yi tari, in goge masa baki, ya ci gaba. Da ya kai tsakiya, wurin nan naka, sai ya yi shiru ya juya hagu. Ƙofar filin tana wajen. Ya zuba mata ido. Mai faranti ya zaci an gama ya fara tafi, mutane suka bi shi. Shi kuwa bai gama ba, jira yake. Ni kaɗai na san me yake jira. Daga baya ya sunkuyar da kai ya ce in mai da shi ciki, sanyi yake ji.

Washegari aka shiga da shi. Ya fito da rai. Akwai rami a wuyansa yanzu, ta nan yake numfashi, muna rufe shi da bandeji. Ba zai sake cewa ko "ruwa" ba.

Bai tambaye ni kai ba, ni ma ban ce komai ba. Na yi masa ƙarya iri iri saboda kai kafin ranar, na ce hutu aka hana ka, na ce mota ce. Yanzu na gaji. Ka riƙe tsarkinka. Ba zan sake damun ka ba.

Auta

*

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Ni ce matar yayanki. Ba mu saba ba sosai, kuma rubutuna ba shi da kyau, ki yi haƙuri da shi. Yara lafiya. Shi ne dai ba lafiya ba.

Wasiƙunki biyu jiya suka shigo gidan nan tare. Suna ofishin masaƙa a ajiye, wani abokin aikinsa ne ya gani ya kawo. Ya karanta ta farko, ya karanta ta biyu, ya shiga ɗaki ya juya fuska bango. Sai na ɗauka na karanta, har da inda kika ce a gaishe ni. Na amsa.

Auta, yayanki ba tuba ya yi ba. Kurmancewa ya yi. Da ya ce miki ba ya jin waƙa, nufinsa ba ya ji. Ƙarar injinan nan ce ta cinye masa kunne a hankali. Da farko sai an ɗaga murya, daga baya na dama ya tafi, bara na hagu ya bi shi. Bakina yake kallo ya gane abin da nake cewa. A wurin aiki ba wanda ya sani, don a cikin ƙarar nan kowa da hannu yake magana. Ya ɓoye saboda in an sani za a sallame shi, kuma wasiƙun ma'aikata ta ofis suke bi, shi ya sa bai yi miki bayani ba. Waya kuwa me zai yi da ita a gaban akawu?

Kwana kaɗan bayan kiranki na biyu, an tsayar da injin ana gyara, ya sa hannu yana cire zaren da ya naɗe. Aka kaɗa ƙararrawa za a tayar, kowa ya ja baya, aka yi ta yi masa ihu. Bai ji ba. Hannun hagu ne. Yatsu biyu sun tafi, na ukun ba ya lanƙwasuwa. Lokacin da kike jiran sa, yana kwance a asibitin garin nan. Aikin ma shi ke nan, sun ce da ma bai kamata kurma ya tsaya gaban injin ba.

Kaset ɗinki ba ya ƙarƙashin gado. Ranar da ya zo ya sa shi a rakoda ya murɗa har ƙarshe, maƙwabta suka buga mana bango. Ya kafa kunnensa jikin lasifika. Can ya ɗago ya ce mini, "Ya fara?" A lokacin har waƙa ta biyu ta yi nisa.

Ban faɗa don ki ji kunya ba. Ba ki sani ba ne. Amma ki rubuto masa, don tun jiya ko ruwa bai sha ba.

Matar yayanki

*

Yayana,

Ban san ta inda zan fara gaisuwa ba. Yaya hannun? Yaya jiki? Ka gode wa Anti, ka ce na ji, kuma na cancanci fiye da abin da ta faɗa.

Na karanta wasiƙarta a ɗakin canza kaya, na zauna a ƙasa. Ni nas ce, kullum ina ganin masu ciwon kunne, amma ka rubuta mini ƙarara ka ce ba ka ji, na karanta abin da raina ya ga dama. Ka yafe mini. Maganar tsarki da na yi, da zan iya bin motar wasiƙu in ƙwace ta da na yi.

Na gaya wa Kafinta. Yanzu da biro yake magana, a bayan kwalin magani. Na zauna bakin gadonsa na faɗa masa duka, kunnen da hannun. Ya rubuta, "Na hagun?" Na ce shi. Ya rufe ido. Sai na ga kafaɗunsa suna rawa, bandejin wuyansa yana ɗagawa, iska tana fita fuu fuu. Na tsorata na zaci shaƙewa ya yi, ashe dariya yake, hawaye na bin kumatunsa. Ya karɓi biro ya rubuta, "Ya zo. Ni in buɗe baki, shi ya ɗaga hannu, mu ga wanda zai ce mun yi kuskure." Ga kwalin nan na yanko maka ka gani da rubutunsa.

Ba zan ɓoye maka ba, jikin ba daɗi. Ciwon ya riga ya sauka ƙirji kafin a yi aikin. Ta roba muke ba shi abinci. Amma da safe in na zo canza masa bandeji sai ya kama ƙarfen gado ya riƙa bugawa da zobensa, ya ɗaga mini gira wai in canki waƙar. Jiya na canki uku, na faɗi ɗaya, ya harare ni.

In likitanka ya yarda ka yi tafiya, ɗakina yana nan, ni sai in kwana wajen maƙwabciyata.

Ƙanwarka,
Auta

*

Auta,

Na amsa gaisuwa. Hannu da sauƙi, yana ƙaiƙayi a inda babu yatsun. Allah ya sa malaminmu na firamare ya dake ni har na koyi rubutu da dama, da yanzu sai an rubuta mini.

Ba abin yafewa. Ni na rubuta rabin magana.

Mutane suna zaton kurma shiru yake ji. Ni injin nake ji. Na bar masaƙa amma ita ba ta bar ni ba, tana cikin kaina ina cin abinci, ina salla, ina kwance. Abin da ya fi ba ni tsoro, waƙoƙin sun fara narkewa a cikin ƙarar. Kalmomin suna nan, amma in na nemi yadda muryar take hawa da sauka sai in ji zare na gudu. Ta ƙofa saura rabi. Waƙarsa ta mai jiran jirgi kuwa, wadda ita na fi so tunda kin tambaya, ta tafi gaba ɗaya.

Ki ce wa Kafinta na ga rubutunsa, har yanzu kamar tafiyar kaza. Ki ce kada ya yi gaggawa, da ma shi kullum yana riga ganga shiga. Za a cire mini zaren ɗinkin hannu mako mai zuwa, ina fitowa zan nemi mota.

Yayanki

*

Yaya,

Ina fatan wannan ta riske ka kafin ka taso. Ina gaishe da Anti da yara.

Kafinta ya rasu ranar Talata da hantsi. Wasiƙarka ta zo ana saura kwana ɗaya, na karanta masa. Wajen tafiyar kaza ya murmusa. Wajen gaggawa ya ɗaga hannu kamar mai ba da haƙuri. Bai nemi biro ba, ƙarfin riƙe shi ya ƙare. Ina wajen har ƙarshe, bai wahala sosai ba, numfashin ne ya yi ta raguwa.

An aika wa jikarsa, ba ta iso ba sai da aka gama. Masu gadi da masu wanki da direban motar asibiti su suka kai shi, da mai farantin nan a kan sandunansa, ya ce sai ya je.

Abin da ya ƙona mini rai ya zo daga baya. Ban san wanda ya kai labari gidan rediyo ba. Kwana biyu ba abin da suke sawa sai waƙoƙinsa, manyan mutane suna ta bugo waya, kowa abokinsa ne, kowa da shi aka yi Rumfar Kwano. Wasu har asibiti suka zo da kyamara suna tambaya wane gado ne. Akwai wani a kai, mai ciwon haƙarƙari, suka ɗauki hotonsa haka nan. Na shiga ɗakin magani na rufe ƙofa.

Kada ka taso, Yaya. Hanyar da nisa, hannunka ɗanye, kuma wanda za ka zo dominsa ba ya nan. Ka zauna ka warke.

Auta

*

Auta,

Allah ya jiƙansa, ya yafe masa, ya saka miki da abin da kika yi masa. Ki gaishe mini da mai faranti, ki ce Bahago ya gode da ya riƙe masa wuri.

Wasiƙarki ta same ni jakata a ɗaure. Tun kafin ta zo na sani. Na ga uwar yara tsaye gaban rediyo da ludayi a hannu, ba ta motsi, bakinta yana bin wata waƙa. Na kalli leɓenta na gane ta ƙofa ce. Na ce mata rediyo ba ta sa Kafinta haka kawai. Ta kashe, ta zo ta zauna kusa da ni.

Ban kwance jakar ba. Zan zo. Ina so a nuna mini inda aka sa shi, in tsaya a hagunsa ko na ɗan lokaci ne. Sannan ina da roƙo. Ke kaɗai kika rage da kika san ta mai jiran jirgi daga farko har ƙarshe, uwar yara ba ta taɓa jin ta ba, ba ta cikin kaset. Ki zaunar da ni inda haske yake, ki rera ta a hankali ina kallon bakinki, ki riƙa buga mini a gwiwa. Wataƙila ta dawo. In ba ta dawo ba, na dai gwada.

Motar Asabar zan biyo, tana isowa da yamma. Na rame, kuma furfura ta cinye kan, ki nemi mai hannu a naɗe. In kin hango ni a tasha kada ki kira ni daga baya, ba zan juyo ba. Ki zo ta gabana.

Yayanki